Idon Ruwan da Apakuki Ya Saurara

In ka shiga kasuwar birnin Suva ta ƙofar masu gwaza, za ka ga wani dogon mutum yana tura baro, kafaɗarsa ta dama ta ɗan rusuna. Apakuki ke nan, taubashina, ɗan gwaggona Litiana. Yaran kasuwa kan ce masa Manaja don tsokana, shi kuma ya amsa. Ni ce ba na iya dariyar, domin na san ya taɓa mallakar rabin kamfani, kuma na san inda rabin ya tafi.

Mu mutanen Vunitivi baƙi ne a inda muke. Iyayenmu sun baro tsibiri bayan guguwa ta share musu gonaki, suka roƙi masu ƙasa wani gangare a ƙasan babban titi, aka ce su zauna. Zama dai aka ba su, ba takarda, kuma wanda ba shi da takarda ba a ja masa famfo. Suna cikin wahalar ɗauko ruwa daga nesa, sai wata safiya aka ga ƙasa ta jiƙe a gindin gangaren. Aka tona, ruwa ya ɓulɓulo, fari tas, mai sanyi. Fasto ya ce amsar addu'a ce. Mahaifin Apakuki ya zagaye wurin da siminti, tun daga nan kuma ba abin alherin da ake yi a unguwar sai a bakin idon nan: zanen suna, tarbar baƙo, sa albarka ga sabon abu. Ba ya ƙafewa da rani. Ranar da aka ɗauke ruwa a gari ne kawai yakan ja baya, mu kuwa da wayonmu sai mu ce tausayin mutanen birni yake ji.

Da ruwan nan aka yi wa Apakuki wankan farko, da shi ya girma. Tun yana yaro ba ya iya wuce abin da ke ɗiga. In ya ga tulu na tsiyaya sai ya tsaya ya liƙe, ko na wane ne. Nakan ce masa, "Kai, taubashi, da bakinka ka fara liƙewa da mun huta." Shi kuma ya ce ai nawa ya fi yoyo.

Da aka fara ɗaukar ma'aikata zuwa Ostareliya ya tafi, ya yi shekaru a wata mayanka yana saɓar cinyoyin shanu cikin ɗakin sanyi. Can ya baro kafaɗarsa. 'Yan'uwansa da suka dawo, wani ya sayi tasi, wani ya ƙara ɗaki, wani ya cinye a biki. Shi ya dawo da wata magana daban. Ya haɗu da wani mai gyaran famfo, Jagdish, Ba'indiye ɗan garin Nausori, mai ƙaramin kamfanin gano yoyon bututu da gyara shi. Jagdish na da sana'a da lasisi, amma ba mota, ba na'ura. Apakuki ya zuba duk abin da ya tara, aka sayi farar mota da na'urar sauraren ƙasa, ya zama mai rabi.

Na ce masa, "Kana nufin ka ba da wahalar shekarunka don ka riƙa kasa kunne a ƙasa kamar mai neman gara?"

Ya ce, "Sala, ruwan da ke zubewa a ƙarƙashin garin nan ya ishi wani garin. Duk wanda ya gano inda yake fita, ba zai kwana da yunwa ba."

Gaskiyarsa ce, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Hukumar ruwa ta ba su kwangila, ana biyansu gwargwadon yoyon da suka gano.

To, a wurinmu ba a fara aiki da sabon abu sai an kawo shi gida an sa masa albarka. Gwaggo Litiana ta kafe a kan haka. Aka yanka alade, aka gasa gwaza da rogo a rami, aka shimfiɗa tabarmi a bakin idon ruwa. Aka gayyaci Jagdish, aka rataya masa furanni a wuya, aka shafa masa hoda a kumatu, yana ta murmushin baƙo. Fasto ya yayyafa wa mota ruwan idon, ya yayyafa wa na'ura. Da an tsaya nan, da yau ba wannan labarin nake bayarwa ba.

Sai mai unguwa Ilaitia ya ce, "Ɗana, mun sa wa abu albarka ba mu ga aikinsa ba. Kunna mana mu ji."

Ba a ce wa dattijo a'a a gaban jama'a. Apakuki ya ɗauki sandar ƙarfen na'urar, ya haura sama kaɗan da simintin da ubansa ya yi, ya dafa ta a ƙasa. Mai unguwa ya ce ai ba shi kaɗai zai ji ba, a ƙara murya kowa ya samu. Ya murɗa. Sai wani sauti ya cika wurin, siririn huci mai ƙarfi marar yankewa, kamar na tayar da ƙusa ta huda.

Jama'a suka ɗauki tafi. Wata tsohuwa ta ce idon ne ke waƙar yabo. Gwaggo ta share hawaye. Ni ma na tafa, sai da idona ya kai kan taubashina na ga bai tafa ba. Yana kallon Jagdish, Jagdish na kallon titin da ke saman gangaren. A duk taron nan su biyu ne kawai suka san cewa ruwan da ke fitowa daga dutse ba ya wannan kukan. Bututu ne da ya tsage ke yinsa, babban bututun da ya bi ƙarƙashin titi zuwa unguwannin kan tudu.

Bayan kwana biyu ya zo rumfata a kasuwa, ya zauna kan buhun rogo, ya gaya mini komai. Na ce ƙarya ne. Ya ce, "Ki tuna ranakun da yake ja baya." Na ji kamar an ce mini uwata ba ita ta haife ni ba.

Jagdish ba mugu ba ne, ko da yake na so ya zama mugu don in sami wanda zan zaga. Apakuki ya ce a cikin mota suka yi ta.

"Ɗan'uwa, wannan shi ne mafi girman yoyo da za mu taɓa samu," in ji Jagdish. "In muka kai rahotonsa, kwangilar shekara mai zuwa tamu ce."

"In aka toshe shi, uwata me za ta sha?"

"To 'yata fa? Tana can kan tudu da jariri, famfonta sai iska. Ruwanta kuke wa waƙar coci!"

"Su suna da takarda, za a kai musu tanka. Mu in ya tsaya, ya tsaya ke nan."

"Ni lasisina ne ke cikin haɗari. In aka gane na ji na yi shiru fa?"

Nan Apakuki ya yi cinikin da har gobe nake jin ɗacinsa. Ya ce wa Jagdish ya riƙe mota, ya riƙe na'ura, ya riƙe rabin, shi dai ya tsallake wannan yankin titi in ya zo aunawa. Jagdish ya ce hauka ne. Ya sake cewa hauka ne. Daga baya ya karɓa.

Na ce, "Taubashi, ka sayar da kafaɗarka don ka sayi shirun mutum ɗaya?"

Ya ce, "Shirun mutum ɗaya nake buƙata."

Na roƙe shi ya tara dattawa ya faɗa musu, su fara neman wata hanya tun da sauran lokaci. Ya ƙi. Ya ce ta yaya zai tsaya gaban uwarsa ya ce mata abin da mijinta ya gina, abin da fasto ya kira amsar addu'a, tsatsa ce ta ci ƙarfe? A unguwa kuwa labari ya bazu cewa Ba'indiye ya yi masa wayo ya kwashe komai. Aka yi ta yi masa dariya a bayan ido. Ya bar su suka yi, ya nemi baro.

Jagdish ya cika alkawari, wannan na shaida masa. Amma bututu bai san da wani alkawari ba. Shekara ta zagayo aka zo faɗaɗa titin, aka tono tsohon bututun gaba ɗaya, aka binne sabo na roba. Ba wanda ya neme mu da sharri, ba wanda ma ya san muna sha. Cikin mako guda idon ya koma taɓo, taɓon ya koma ƙasa mai tsagewa. Gwazar da mata ke nomawa a ƙasansa ta yi rawaya ta kwanta.

Mutane kuwa ba sa iya zama da masifa ba mai ita. Aka tuna wanda ya soka wa wurin ƙarfe. Aka ce tun kafuwar unguwar ba wanda ya taɓa yi wa idon bincike sai ɗan Litiana, da ya je ƙasar Turawa ya dawo da rashin kunya. Mai unguwar da ya ce a kunna, shi ne ya fara mantawa da cewa shi ya ce. Na miƙe a taron mata na faɗi gaskiya da ƙarfi, na ce bututu ne, na ce ku je ku tambayi masu aikin titi. Suka ce dama taubashiya ai ba za ta ga laifin taubashinta ba, wata ma ta ce in ji tsoron Allah. Aka daina gaida gwaggo a hanyar coci. A layin tankar da ke zuwa in ta ga dama, sai a bar tazara tsakaninta da na bayanta.

Ita ce ta roƙe shi ya nemi gafara yadda ake nema a al'adarmu, da kyauta a hannu. Ya ranto haƙorin kifin whale daga dangin ubansa, ya sayi saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha a zaman dattawa, da kuɗin baro. Na ce masa in ya durƙusa kan laifin da bai yi ba, kada ya ƙara kirana taubashiya. Ya ce, "Tsohuwa ce, Sala. Gaisuwa kawai take so a mayar mata."

Na je, don ba zan iya ƙin zuwa ba. Ya shiga zauren da rarrafe, ya zauna can ƙasa kusa da ƙofa, kansa a sunkuye. Ya ce ya yi girman kai, ya taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba, a yafe masa. Mai unguwa ya karɓi haƙorin, ya yi dogon jawabi kan yaran zamani, aka tafa, aka ce an yafe. Raina ya ɓaci.

Da aka watse, gwaggo ta kama hannunsa, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin aikin titi. Ta ja shi suka gangara zuwa bakin simintin, jama'a na biye da su. Aka tsaya ana leƙa busasshen ramin.

Ta ce, "To, an yafe maka. Yanzu yaushe zai dawo?"

Ya ce, "Sai mu jira, Mama."

Kullum da safe, kafin ya kama hanyar kasuwa, sai ya raka ta wurin da kujerarta da bokitinta, ya zaunar da ita a inuwa.