Karan Malam Sule a Bayan Akori-kura

Har yau ban manta da ranar da Malam Sule, mai haƙa kabari a ƙauyenmu na gefen Tarai, ya shigo garejina a Rano riƙe da karan dawa ba. Ku da kuka taso a birni ba ku san abin da wannan yake nufi ba. A wajenmu, idan mutum ya rasu, da kara ake gwada tsawonsa a kai wa masu haƙa. To ku ɗauka mutumin nan ne ya yi muku sallama da safe, da kara a hannu. Ni da ban cika tsoro ba sai da na ajiye abin walda.

Aikin da ke gabana a lokacin na Alhaji Bala ne, ɗan kasuwar hatsi na ƙauyen. Tsohuwar akori-kurarsa mai kujera ɗaya ce, mutum biyu a gaba, sauran kowa a baya tare da buhuna. Iyalinsa sun gaji da dukan ruwa, sai ya sayo kan mota mai kujera biyu a wurin masu sayar da gwangwan a Kano, ya ce in ɗora masa. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake: a kwance tsohon kai, a zare wayoyi da sitiyari, a ɗora sabon a kan ƙarfen gindin mota, a sake masa mazauni. Sabon kai ya fi tsawo, don haka dole a yanke bodin baya. Na riga na ɗora kan, na ja layin yanka da alli.

Malam Sule bai ko zauna ba. Ya hau baya ya shimfiɗa karansa. Karan ya wuce layina da fiye da kamu.

Ya ce, "Wannan tsawon makararmu ne. Duk ɗan ƙauyenmu da ya rasu a asibitin Rano, motar nan ce take mayar da shi gida. Babu wata. In ka yanke nan, ƙafafun mamaci a waje za su riƙa lilo."

Alhaji Bala ya iso ransa a ɓace. Ya ce, "Haba Malam, motata ce ko ta jama'a? Matata da ranta tana jiƙewa, ku kuna lissafin wanda ya mutu."

Malam Sule ya ce, "Alhaji, wanda ya mutu ba ya iya zuwa ya yi ƙorafi, shi ya sa na zo masa."

Suka juyo kaina su biyun. Shekara da shekaru babu wanda ya taɓa neman shawarata a ƙauyen nan, ko a ɗaurin aure bayan tabarma nake zama, amma ranar ni ne alƙali. Alhaji ya ce in ƙara wa ƙarfen gindi tsawo. Na ce ba zan yi ba, ƙarfen ya tsufa, ramin farko a hanyar Kibiya zai karye. Na yanke bodin a inda na ja layi. Murfin baya kuwa na cire shi na yi sabo da ƙarfe mai kauri, dogo, wanda zai kwanta daidai da bodi, da sarƙa dama da hagu, da fukafukai masu naɗewa a gefe. A rufe shi motar hatsi ce. A kwantar da shi, makara ta shige har da saura.

Da na gama Malam Sule ya dawo. Ya ce kara ba ya jin girgiza. Ya cire takalmi ya miƙe a baya, ya rufe fuska da hula, ya ce Alhaji ya ja. Suka zaga har tasha suka dawo, masu babur na bin su da salati. Ya sauko yana karkaɗe riga ya ce, "Ta yi. Sai dai Alhaji, ka riƙa taka burki a hankali, mamaci ma yana da kai."

Yau Hajiya tana zama a ciki da gilashinta a rufe, makara kuma ba ta taɓa kwana a Rano ba. Babu wanda ya gode mini a masallaci, ban kuma sa rai ba. Abin da nake gaya muku shi ne, tsohuwar mota a ƙauye tana da masu ita da yawa waɗanda ba su biya ko sisi ba. Kafin ku kunna injin yanka, ku tambayi me take ɗauka ranar da ba kasuwa. Ni dai na san waldar da za ta riƙe ƙafafuna, kuma na yarda da ita.