Malamin da ya shirya zaman makokin mai rai

Sau da yawa da hantsi, idan ka bi hanyar Roni daga Kazaure, za ka gamu da Malam Ɗan'azumi a kan tsohon babur ɗinsa, da jaka rataye a ƙirji, yana tafiya a hankali har masu keke suna wuce shi. Abin da ke cikin jakar yake lallaɓawa. Litinin da Talata yana Roni, Laraba Gwiwa, Alhamis ya nausa Babura. Haka ya yi shekara bakwai na ƙarshen aikinsa, bayan shekara ashirin da takwas yana koyar da kurame. Makon jiya ya yi ritaya. Na je walimar, na ƙirga mu, mu goma sha ɗaya ne har da mai rabon lemo. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kuma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake.

A cikin jakar akwai wani tabarau mai kauri da ake ɗaurawa a fuska. Wanda ya sa shi ba ya ganin ɗakin da yake ciki, sai ya gan shi a tsakiyar kasuwa ko a zaure, ya juya dama ga mutane, ya juya hagu ga wasu, suna yi masa magana. Da shi Malam yake koyar da samari da 'yan mata waɗanda shiga mutane ke yi musu wuya. Wasunsu sun haddace izu da dama, wasu sun iya gyaran rediyo, amma da an yi musu sallama sai jiki ya ɗauki rawa, baki ya mutu. A cikin tabarau za su yi kuskure sau ɗari, babu mai dariya. Mu kuwa a gari mun yanke hukunci tuntuni cewa hankalinsu bai cika ba, muka huta.

Wata ƙungiya ce ta kawo tabaran da darussansa a shirye daga ƙasashen Turawa. Darasin farko cewa yake yi ka kalli mutum cikin ido, ka riga shi miƙa hannu. Wani ɗalibi ya koya da kyau, ya je ya gwada a kan wani dattijo a Yankwashi, yana tsaye ƙiƙam, ya zuba masa ido, ya miƙa masa hannu. Dattijon ya ce da ma ana cewa yaron ba shi da lafiya, ashe tsabar rashin kunya ce. Malam ya dawo ya goge darussan kakaf. Ya ɗauki kyamara ya shiga gari yana roƙon mutane su zauna a ɗauke su: mahauci, mai awon gero, direban tasha. Ya koya wa ɗalibansa cire takalmi da rusunawa da sunkuyar da kai. Ni da nake maƙwabcinsa, sau huɗu yana ɗaukata a matsayin tsoho mai faɗa, wai ni ba sai na yi wani shiri ba.

Wata rana ya ja ni dubiyar Alhaji Mamuda, tsohon malamin dabbobi, wanda ciwon hanta ya kwantar. Babban ɗansa Jamaluddeen, mai shekara ashirin da huɗu, ɗalibin Malam ne. Bayan mun gaisa sai mara lafiyar ya ce, "Malam, likita ya gaya mini gaskiya, ni ma na ji a jikina. Duk rasuwar da aka yi a gidan nan, kulle Jamalu ake yi a ɗaki. Ba na so a kulle shi a tawa. Ina so ya zauna a tabarma a ƙofar gidana, a yi masa gaisuwa kamar kowane ɗa."

"Alhaji, rai ai na Allah ne," in ji Malam.

"Na sani. Za ka iya ko ba za ka iya ba?"

Daga nan rigima ta tashi. Domin Jamalu ya saba, dole a ɗauki hoton zaman makoki, ga tabarmi, ga dattawa suna shigowa suna ta'aziyya. Kafin a shimfiɗa tabarma ɗaya, magana ta zagaye gari cewa Ɗan'azumi yana shirya makokin mai rai. Baffa Lauwali, ƙanin Alhaji Mamuda, ya tare shi a bakin masallaci ya ce, "Mutuwa kake yi wa yayana fata?" Wasu suka daina amsa sallamarsa. Wasu suka rantse cewa tabaran matattu yake nunawa. Mutanen da shekara ashirin ba su taɓa tambayar ina Jamalu yake ba, su ne suka fi kowa ɗaga murya.

Ni ma ban fita ba. Na ce masa, "Ɗan'azumi, ka nemi wani. Ba zan yi ta'aziyyar mai rai ba."

"To Yaya, kar ka kama sunan kowa. Ka ce Allah ya jiƙan musulmi. Akwai ranar da ba a mutuwa ne?"

Ya je wurin liman, liman ya ce bai ga laifin koya wa mutum amsa gaisuwa ba. Duk da haka mu shida kacal muka zo. Sai ya sa kowa ya taho da riguna uku da huluna uku, mu shiga mu yi gaisuwa, mu zagaya bayan aji mu sauya, mu sake shigowa, don mu yi kama da taro. Ranar na yi gumi, na kuma yi masa faɗan da ban taɓa yi wa kowa ba. Shi kuwa sai cewa yake in sake, wai na cika sauri.

Ranar farko da aka sa masa hoton makokin, mutum biyu kawai Jamalu ya gani ya fizge tabaran ya gudu bayan rumbu. Malam ya koma mutum ɗaya. Bayan mako ya ƙara na biyu. Da tafiya ta miƙa ya ƙara ƙarar babura da kukan mata daga cikin gida, saboda ya san ranar rasuwar ba shiru za a yi ba. Wata huɗu ana haka. Mahaifiyarsa, Hajiya Batulu, ta ce takan ji shi a ɗaki shi kaɗai yana cewa, "Amin, mun gode, Allah ya ba da lada," ta rasa ko murna za ta yi ko kuka.

Bayan girbi Allah ya karɓi ran Alhaji Mamuda. Ana dawowa daga maƙabarta Baffa Lauwali ya ce, "A shigar da yaron nan ciki, kada ya ba mu kunya a gaban jama'a."

Malam ya matso ya rusuna. "Baffa, ni ba ɗan gida ba ne. Amma marigayi ya bar magana a gabana da gaban wannan." Ya nuna ni. Ina so ko ba na so, na buɗe baki na ba da shaida.

Jamalu ya zauna, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, yana murza carbi. Amsarsa takan yi jinkiri, mutane kuma ga gajen haƙuri, kafin ya buɗe baki sun wuce wurin baffansa. Malam yana zaune a bayan Jamalu, abin da kawai yake cewa shi ne, "Ku jira shi." Aka fara jira, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar uku wani tsohon makiyayi ya zo daga Gwiwa, wanda marigayi ya shekara talatin yana yi wa shanunsa allura. Ya durƙusa, gaisuwar ta ƙi fita, sai hawaye. Babu wannan a cikin tabarau. Jamalu ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ni ma ina neman sa a gida ban gan shi ba." Baffa Lauwali ya rufe fuska da hannun rigarsa.

Malam Ɗan'azumi, kai ne ka sha zagi a bakin masallaci ka koma ka shimfiɗa tabarmi. Kai ne mai haƙurin da ke ba ni haushi, don ko yanzu da na ce zan rubuta wannan, cewa ka yi in bar surutu. Ba zan bari ba. Ka bar sunaye arba'in da uku a littafinka, an mayar da tabaran cikin kabad an kulle, kuma har yau ban ji malami ɗaya ya ce zai karɓi aikin ba. Masu digiri sun cika garin nan, ina suke?

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar hutawa. Ku kuma matasan malamai, ku je ku same shi tun yana da ƙarfin koya muku. Sauranmu da ba mu iya tabarau ba, mun iya sallama, mun iya tsayawa har a amsa. Alhaji Mamuda bai ga ranar ba, amma ɗansa ya zauna a ƙofar gidansa kwana uku cur, kuma babu wanda ya tashe shi.