Dawar Taimako a Kan Sikeli

Shekarar da fari ya koro mutanen Tebaram da Affala cikin Tawa, mijina yana da injin niƙa a bayan kasuwa, shi ke ci da mu. Soja ke mulki. Suka raba wa masu inji jar dawar taimako da man gazuwal na tada inji, a niƙa wa waɗanda yunwa ta koro. Sharaɗinsu ɗaya: a auna dawar da ta shiga, a auna garin da ya fito, wanda nasa ya gaza a ƙwace injinsa.

Dawar kuwa, Allah ya isa! Ƙwari sun rarake ta, ga tsakuwa, ga kashin ɓera. Ni 'yar Adar ce, a gidanmu ba a niƙa hatsi sai an sheƙe shi. Na tara matan gida da fayafai muka gyara ta tas. Maƙwabcinmu mai inji ko leƙa buhun ba ya yi, juyewa kawai yake.

Ranar awo wani sarjan ya zo da sikeli. Garin maƙwabci ya cika cif, namu ya gaza.

"Ina sauran?" in ji sarjan.

Mijina ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, datti na muka hidda. Ga ya can tuli bayan ɗaki."

Bai ko waiwayi tulin ba. Ya zare bel ɗin wandonsa ya shiga zabga masa ta wajen ƙarfen, yana kiransa ɓarawon abincin talakawa. Da ya gaji, ya buga masa gindin bindiga a baki. Haƙora biyu suka faɗo, jini ya fantsama a kan buhun gari. Na yi kukan kura na rungume mijina, aka haure ni da takalmi har na bugi injin. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take.

Sarjan ya ce gobe zai dawo, ko a cika ko ya tafi da inji.

Mijina ya dube ni, baki kumbure, ya ce, "Ɗauko tulin nan."

Da hannuna na kwashe dattin na zuba a inji, muka gauraya da garin. Washegari sikeli ya cika, sarjan har yaba mana ya yi, inji ya tsira.

Wurin rabo wata mata mai goyo ta karɓi nata, ta riƙe hannuna ta ce, "Allah shi saka muku da alheri, ɗiyata za ta sha kunu yau."

Na kasa cewa amin.