Allurai Goma Sha Biyu

Ranar da hannunta ya tashi lafiya, Anti Tela ba ta tsayawa murna. Zama take a bakin taga ta zura wa allurai goma sha biyu zare, ta soke su a jikin labule, don ta san gobe yatsun nan za su iya zama kamar na aro.

Shekara shida ke nan da likita ya ce mata ciwon jijiyoyi ne, mai tafiya ya dawo ba sallama. Wata rana ta hau bene kamar kowa. Wata rana ƙafar hagu ta ƙi ta, ido ya dushe, maɓalli ɗaya ya gagare ta ɗinkawa. In ta fita da sanda a yi mata sannu, in ta fita babu ita a bi ta da kallo.

Rannan yayarta ta shigo ta tarar da ita tsaye tana guga.

"Kin gani ko! Jiya a kwance, yau garau. Dama na ce har da sa wa rai. Ga yadin yara na kawo, jibi nake so."

Bayani ya fi ciwon gajiyar da ita. Ta ajiye dutsen guga.

"Yaya, duba labulen can. Allura nawa ta rage da zare?"

"Ɗaya."

"To ba warkewa na yi ba. Guzuri aka ba ni dama in yi."

Ta zauna, ta lashi bakin zare, ta ɗaga allura saitin taga.