Taswirar Baba Haladu da tambayar da ya bar mana

Da safen nan ina tsaye a Oxford Road ina jiran bas, 'yar Baba Haladu, Dakta Rabi, ta kira ni daga Birmingham. Baba Haladu ya rasu bayan sallar asuba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bas uku suka wuce ni ban sani ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon injiniya ne da ke zaune a unguwar Ladywood, can Birmingham. Duk Asabar ɗin farkon wata yakan hau mota ya zo Manchester saboda ajin Hausa da nake yi wa yaranmu a Hulme. Ba wanda ya sa shi.

Lokacin da council, wato ƙaramar hukumar nan, ta rufe ɗakin karatun da muke haɗuwa, wai babu kuɗi, na yi niyyar watsar da ajin. Ya ce, "Malama, falonki ba shi da ƙasa ne?" Asabar ta gaba sai ga shi da naɗin farar takardar manna bango a hammata. Muka ture kujeru, ya shimfiɗa ta, ya ce za mu zana garinsu, Tashar Marke, wani ƙaramin gari a bakin layin dogo inda mahaifinsa ya yi aikin reluwe.

Ni da karatuna, na ɗauki biro na rubuta Arewa a sama. Ya dube ni, ya juya takardar.

"'Yata, a garinmu gabas ake sawa a gaba. Wa kika taɓa gani ya tambayi arewa kafin ya shimfiɗa buzu?"

Yara suka yi ta dariya. Har yau gabas ce a saman taswirarmu.

Daga bakinsa na ji cewa gari ma yana tashi. Asalin garinsu a kan tudu yake. Da aka shimfiɗa dogo, layin ya bi ta gindin tudun, amma ba a yi tasha a nan ba, sai can gaba cikin daji, tafiyar awa guda a ƙafa. Masu gyaɗa suka fara gangarowa da jakuna, masu tuwo suka bi su, mahauta suka bi masu tuwo. Kafin a ankara tudu ya zama kufai, sai kukoki da ramukan marina. Kasuwa ma ta bar ranarta ta koma ranar da jirgi ke zuwa. Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa mallakar agogo ba, kukan jirgin hantsi ke sa ta ɗora tukunya.

Da jirgi ya daina zuwa, garin ya sake jan jiki ya koma bakin kwalta, ya ba tashar baya.

Wata yarinya, Amira, ta tambaye shi da Turancinta na Manchester inda ake sa kati ƙofar tashar ta buɗe, kamar yadda ake yi a nan. Ya ce, "Ƙofa? Akuya ma ba ta neman izini a tasharmu."

Amma Baba ba ya ba da amsa a arha. A zuwansa na ƙarshe ya tsaya a kan taswirar da safa, ya ce, "Ga gari a kan tudu, ga mutane, ga kasuwa. Me ya sa jirgi ya wuce su ya je ya tsaya inda babu kowa?" Wani ya ce direban ne ya yi barci. Amira ta ce wataƙila mutanen tudu ne ba sa son hayaniya. Ya ce su je su yi tunani, zai faɗa musu wata mai zuwa.

Watan bai zo masa da lafiya ba.

Makonni biyu da suka wuce na je duba shi a flat ɗinsa. Ya rame, amma sai da ya sa aka kawo mini shayi da dabino. Na ce, "Baba, ku faɗa mini ni kaɗai, ba zan gaya wa yara ba."

Ya yi murmushi. "Ke ce babbar mai son satar amsa. Ki ce su dubi inda giginya ta yi layi."

Iyakar abin da na samu ke nan.

Ɗazu na fasa zuwa jami'a, na koma gida na shimfiɗa taswirar. Giginyun da ya zana sun taho a jere daga kudu, sun ratsa dogo daidai tashar. Gefensu akwai wani ɗan akwati a kan ƙafafu huɗu, bai rubuta masa suna ba. Shekara guda ina taka takardar nan ban lura da shi ba. Giginya ba ta yin layi sai inda ruwa ke kwance a ƙarƙashi, jirgin wancan zamani kuwa da kwal da ruwa yake tafiya. Ina zaton akwatin nan tankin ruwa ne. Ina zaton ƙishirwa ce ta tsayar da jirgi, gari ya biyo shi.

Zato ne kawai, wanda zai ce mini na ci ko na faɗi ya tafi. In akwai ɗan Tashar Marke a cikinku, ko wanda kakansa ya yi reluwe a wajen, don Allah ya yi mini magana kafin Asabar. Yaran za su zo, kuma ba su san ya rasu ba tukuna. Zan faɗa musu. Sannan zan ba su saƙonsa yadda ya ba ni, ba zan ƙara ko kalma ba, su nemo da kansu.

Allah ya jiƙan Baba Haladu, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Allah ya ba matarsa Hajiya da Dakta Rabi haƙuri. Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya taimaka masa da Ƙulhuwallahu ƙafa uku.