Hancina da Jarrabawar Giyar Ostareliya

Shekarun baya, a ƙarshen wata shekara da ruwa ya ƙi ɗaukewa, na yi wata biyu a Kuala Lumpur. A can kusan kullum damina ce, amma lokacin ta fi ƙarfi. Da la'asar ta yi sai sama ta haɗe, a zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, a ɗauke, zafi ya dawo kamar ba a yi ba. Shekara ce mai daɗi a wurina. A cikinta na gama ajin yaƙi da jahilci, ina ta ɗokin karanta duk abin da idona ya gani, har da rubutun jikin buhun shinkafa. A cikinta kuma na fara hawa jirgin sama.

'Yata ce ke karatun kula da otal a can, tana shekarar ƙarshe. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, yanzu ma ba zan kira ba. Babanta tun farko bai so wannan karatu ba, da ƙyar ƙannensa suka shawo kansa. Shi ya turo ni. A filin jirgi ya ce in je in gano masa da idona, in na ga abin da bai dace ba in taho da ita, ko saura kwana ɗaya ta gama. Ya kuma ce shekara ɗaya ba zai ƙara mata ba.

Ɗakinta yana Brickfields, unguwar Indiyawa, a saman wani shagon kayan yaji. Sati na farko ban ga komai ba sai alheri. Tana salla a kan lokaci, tana fita da mayafinta, in ta dawo ta riƙo mana shinkafa a ƙunshe ta ce, "Umma, makan," wato in zo mu ci.

Ranar da na ce bari in share ƙarƙashin gado ne tsintsiya ta turo wani littafi mai kauri da ƙaramin akwatin katako. Turanci ban iya ba, amma hoto ba ya buƙatar aji. Shafi bayan shafi kwalabe ne, da gonakin inabi, da kofuna masu doguwar ƙafa cike da jan abu. A gefen kowane shafi ga rubutun hannunta. Na zauna a ƙasa da tsintsiyar a hannu, na daɗe ban tashi ba. Akwatin ban ma iya buɗe shi ba, na mayar da komai yadda na same shi.

Kwana uku ban tayar mata da maganar ba. Abin da na yi, har yanzu in na tuna sai na ji kunya. Sana'ata haɗa humra da turaren wuta, sama da shekara ashirin, hancina shi ne jarina. To shi na sa aiki. In ta dawo sai in ce zo in gyara miki ɗankwali, in matsa kusa da bakinta ina tambayarta ya makaranta. Na tsefe mata kitso na sake yi sau biyu a kwana uku. Na shinshina mayafinta, na shinshina jakarta. Babu komai sai albasa da shayi mai madara. Ranar Juma'a babanta ya bugo, na ce masa lafiya lau.

A rana ta huɗu na buɗe akwatin. 'Yan mitsi-mitsin kwalabe ne a jere, kowace da lamba, kamar na masu sayar da turare. Na buɗe ɗaya, masoro. Na buɗe wata, kanumfari. Wata kuma ganyen bishiyar turare ce sak, irin wadda ake shukawa a bakin makarantun boko. Ina cikin haka ta turo ƙofa, ruwa ya jiƙa ta. Ta dube ni, ta dubi littafin, sai ta zauna a bakin gado ta fara kuka ba sauti.

Da ta natsu ta yi mini bayani. A cikin darussan shekarar ƙarshe akwai na sanin giyar inabi, kuma dole ne. Malamin wani tsoho ne ɗan Ostareliya, giyar ƙasarsu yake koyarwa. Ya ce ɗalibai Musulmi ba za su sha ba, ba za su zuba wa kowa ba. Tasu jarrabawar ta takarda ce, sai kuma waɗannan kwalabe na man ƙamshi, waɗanda babu giya a cikinsu: a miƙo maka, ka shinshina, ka faɗi mene ne, ka faɗi irin inabin da ke da wannan ƙamshi. Ta ci ta takarda. Ta hanci ta faɗi warwas. An ba ta dama ɗaya, saura kwana goma sha biyu. In ta sake faɗuwa sai baɗi, baɗi kuwa ta san abin da babanta ya ce.

"Umma, duk ɗaya nake jin su wallahi. Duk warin kemis."

Na tambaye ta ko ta taɓa kai wa bakinta. Ta ce a'a. Na riga na sani, amma ban gaya mata ta yaya ba. Na tambaye ta in ta gama karatun, giya za ta riƙa sayarwa? Ta ce ita masaukin baƙi take son buɗewa a gida, inda mata za su sauka hankali kwance. Ta roƙe ni kada babanta ya ji. Na ce wannan maganar mu ajiye ta tukuna, ta ɗauko mayafi mu sauka ƙasa.

A shagon Indiyawan nan na sayi masoro, kirfa, kanumfari, na'ana'a da busasshen inabi. Na sa ta nemo mini tsohon takalmin fata. Daga ranar, in ta dawo muka yi la'asar, sai in ɗaure mata ido da ɗankwalina, in koya mata yadda kakata ta koya mini. Ba a cusa hanci cikin kwalba, ana wucewa da ita ne ta gabansa. Tsakanin ƙamshi da ƙamshi a shinshina hannun riga. Kuma kada ta nemi sunan Turanci, ta fara tambayar kanta ina ta taɓa jin wannan.

Nan abin ya buɗe. Wata kwalbar ta ce kunun jegon da aka yi wa ƙanwata. Wata ta ce ɗinyar da ake tallarta a ƙofar islamiyya. Wata ta ce rumfar dukawa. Ta bishiyar turare kuwa ta ce man zafin da nake shafa mata a ƙirji tana ƙarama. Idan ta cafko abin da Hausa, sai ta ɗora masa Turancinsa da sunan inabin. Ni ce na haddace cewa wani baƙin inabi nasu ƙamshin masoro yake yi, har ina yi mata gyara. Tana dariya tana cewa, "Umma, ke ya kamata ki shiga ajin nan." Na ce Allah ya kiyaye, ni da ajina na gama.

Ta ci jarrabawar. Malamin ya tambaye ta wa ya gyara mata hanci, da ta faɗa masa ya ce sai ya gan ni. Muka haɗu da yamma a wani mamak, irin shagunan shayi na Indiyawa Musulmi. Dogo ne, fuskarsa ja, gumi yana ta zubo masa. Ya zo da akwatinsa ya riƙa miƙo mini kwalaben ƙamshi, 'yata tana fassara. Na gane su duka. Da ya miƙo ta ƙarshe na kawar da kai na ce a gaya masa, ya yi haƙuri, wannan fitsarin mage ne. 'Yata ta ƙi fassarawa sai da na matsa. Tsohon nan ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce haka masana ma suke kiransa a tsakaninsu.

Ya ba mu labarin ɗakin sanyi da yake da shi, inda kwalabe suke kwance, wasu sun girmi 'yata. Ya ce a ƙasarsu fari ya dami manoman inabi, ga shi ana ta barin toshe bakin kwalba da ɓawon itace ana komawa murfin murɗawa, shi kuwa ya kasa sabawa. Akwai kwalba ɗaya da ya ajiye tun shekarar da aka haifi 'yarsa, sai ranar aurenta za a buɗe. Na ce a gaya masa ni ma ina da kwalbar humra a ƙasan akwatina da na ajiye sai auren tawa 'yar, kuma tawa kowa zai iya shafawa ya yi salla. Ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Abin da yake ajiyewa ba hanyata ba ce, amma jiran da yake yi na gane shi.

Yau 'yar nan tana da masaukinta da 'ya'yanta, humrar ma an daɗe da buɗe ta. In na wuce ta gindin bishiyar turare bayan ruwa, ɗakin nan nake tunawa, da ita zaune ido a ɗaure tana lalubo ƙuruciyarta. Abin da yake damuna kawai kwana ukun nan da na yi ina bin ta da hanci. Da na buɗe baki na tambaya, da ba ta sha kitso biyu a banza ba.

Saura maganar babanta. A daren da muka rabu da malamin na gaya mata ba zan koma gida da ɓoye-ɓoye ba, don shi ya aiko ni. Washegari da safe na sauka na sayi katin waya, na zauna da shi a hannu ina jiran gari ya waye a gida. Da na san ya dawo daga masallaci na buga, na faɗa masa komai, tun daga tsintsiya har fitsarin mage. 'Yata tana tsaye a bakin ƙofa ta riƙe labule. Da na gama sai ya jefo mini tambaya.

"Ta sha?"

"Ba ta sha ba, Malam."

"Ita ta gaya miki?"

"Kwana uku ina shinshinarta."

Na ji ya sauke numfashi. "To, hancinki bai taɓa yi mana ƙarya ba. Ba ni ita."

Na miƙa mata wayar, na shiga na ɗora mana shayi.