Motar Aro

Shekaran jiya maƙwabciyata ta soya tafarnuwa da yawa, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar wake, sai hannuna ya tsaya cak a cikin faifai. A ƙauyenmu, can wajen Malikanchi, tafarnuwa magani ce, ta mura da ciwon ciki. Mutum ɗaya ce take zuba ta a tukunya kamar albasa, matar babana. Takan bar ruwan rake a kwalba ya yi kwanaki har ya yi tsami, ta dafa kaza da shi, gida duk ya ɗauka. Kaka takan toshe hanci ta ce an ɓata kaza, can kuma ta miƙo kwanonta a ƙara mata.

Matar babana 'yar ƙasar Filifin ce. In na faɗi haka yau, yara sukan yi min kallon mai shirga ƙarya, amma a zamanin da ƙasar nan take da kuɗi gwamnati ta kwaso malamai daga can ta rarraba su makarantun sakandare. Ita aka kawo ta Ikara tana koyar da lissafi, babana kuwa yana koyar da aikin gona a makarantar. Mahaifiyata ta rasu ina shekara huɗu, don haka a hannun Kaka na tashi, uwar babana, mace mai baki da zuciya, wadda ko limamin cocinmu yakan yi shiri kafin ya shigo gaishe ta.

Ina shekara takwas soja suka karɓi mulki, aka shiga tsuke bakin aljihu. Sabulu da madara ma sai an bi layi. Aka ce baƙin malamai duk wanda kwantiraginsa ya ƙare ya tattara ya koma ƙasarsu. 'Yan ƙasarta suka sayar da firij da fanka suka tafi, ita ta kasa. A can tana da uwa wadda mijinta ya rasu, da ƙanne biyar, a wani tsibiri da ba a noman komai sai rake, raken ma ya faɗi warwas a kasuwa. Albashinta shi ne cinsu da karatunsu. Hanya ɗaya ta rage mata ta ci gaba da zama, ta zama matar ɗan ƙasa. Mutane sun yi ta cewa auren takarda ne. Ni da na zauna da su ba zan ce takarda ba ta cikin zancen ba, amma na ga babana, wanda ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, yana koyon dafa shinkafa ba mai ba gishiri saboda ita. Ita kuwa tun makon farko ta hana ni kiranta Malama, ta ce in ce Mama.

A ofishin shige da fice na Kaduna aka ce su kawo takardar aure, da wasiƙar miji, da hoton biki. Babana ya ce a kira mai hoto a tsaya a tsakar gida a ɗauka a wuce wurin. Kaka ta ajiye muciya ta dube shi.

"A gaban rumbu? Ka ɗauko 'yar mutane daga bayan teku ka tsayar da ita gaban rumbu da turken akuya? Iyayenta in sun gani su ce ina ta faɗa?"

"Inna, hoton ofis ne fa kawai."

"Ofis ɗin ma ba 'ya'yan mutane ne a ciki ba?"

Babana yana da aboki tun firamare a Makarfi, wani Alhaji dillalin rake, mai gidan bene da farar mota. Kaka da ƙafarta ta je ta gaishe shi. Mutumin kirki, ya sa aka wanke motar, aka share ƙofar gida, har babbar rigarsa ya ba babana. Aka aro wa Mama leshi da sarƙa, ni aka aro min takalmi mai igiya da ya matse ni har na yi kanta. Lokacin yankan rake ne, garin duk ƙamshin mazarƙwaila, ƙudan zuma suna bin mutane. Muka jeru jikin mota, babana ya ɗora hannu a kan murfinta kamar yadda mai hoto ya ce, benen yana bayanmu.

Ya kamata ku san yadda aro yake a wurinmu. Ranar biki akan ari zane, a ari kwanukan jere, a ari gado ma, kowa ya san na wane ne, bayan kwana bakwai a mayar da godiya. Ba wanda yake kiran wannan ƙarya, rufin asiri ne da mutunta baƙo. Abin da Kaka ba ta yi tunani ba shi ne hoto zai je inda ba wanda ya san Alhaji. Mama ta sa ɗaya a ambulan ta aika wa uwarta, ta rubuta a baya, ga mijina, ga surukata, ga 'yata. Murna take yi, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Wasiƙa daga can takan yi wata ɗaya da rabi a hanya, shuɗiyar takarda marar nauyi, a ɗauko ta gidan waya na Ikara. Ta farko duk addu'a ce, uwar ta zagaya da hoton cocinsu kowa ya gani. Daga ta biyu aka fara. Rufin ɗaki yana yoyo. Ƙane zai shiga jami'a. Ƙanwa tana son jarin shago. Duk a ƙarshe sai a ce, ai wannan ba komai ba ne a wurin mijinki.

A nan kuwa, tunda ta zama matar ɗan ƙasa, an mayar da ita kan albashin 'yan ƙasa, shi ma sai a yi watanni ba a gan shi ba. Gidan da gwamnati ta ba ta ya fita hannunta, muka dawo ƙauye gaba ɗaya, ita da babana suna zuwa makaranta a kan keke ɗaya. Naira ta zube, abin da za ta tara a wata shida in aka canza shi bai kai abin da take aikawa a da na alawar Kirsimeti ba. Ta yi kek tana sayarwa a makaranta, ta sayar da keken ɗinkinta. Babana ya sayar da rakensa a tsaye tun bai nuna ba, asarar da manomi ba ya yi sai ya rasa mafita. Duk abin da aka aika, amsar da ke dawowa godiya ce mai sanyi, irin ta wanda aka ba shi saura.

Na taɓa jin babana yana ce mata ta rubuta musu gaskiya. Ta girgiza kai. Ta ce uwarta ta sha wulakanci a garin nan tun mutuwar babansu, hoton nan ne ya sa take ɗaga kai a coci, ita ba za ta ƙwace mata shi ba.

A wata damina, masara ta fara fitar da goyo, wasiƙa ta zo daga babban ƙanenta. Uwarsu tana asibiti, ana son yi mata aiki. Mama ta karanta a bakin murhu, ta kai wani wuri ta fashe da dariya, dariyar ta ƙi tsayawa har ta koma kuka. Kaka ta tsare babana sai ya fassara mata. Ya yi ta kwana-kwana, daga bisani ya faɗa. Cewa suka yi ta roƙi mijinta ya sayar da motar, ai uwa ta fi mota.

Washegari Kaka ta ja akuyarta mai ciki zuwa kasuwa, ta dawo da kuɗi da mai hoto. Ta hana kowa sauya kaya. Ta tsayar da mu a gaban rumbu, keken babana a jingine, ƙafafunmu duk taɓo. Sannan ta zaunar da babana da biro ta ce ya rubuta wa surukarta da Turanci, kada ya rage komai. Ta gaishe ta, ta gaida jikinta, ta gaida yara da gona da ruwan sama, sai ta ce, "Ka gaya mata ni na aro motar nan, ni na aro gidan. 'Yarta ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ka ce mata yarinyar nan ko zanen kirki ba ta bar wa kanta ba. In akwai fushi a yi da ni." Aka haɗa da kuɗin akuyar aka aika.

Muka jira har aka girbe masara, aka fara yankan rake. Amsar da ta zo gajeriya ce. Ƙanen ya ce ba su san ta koyi wayo haka ba, a ce ta je gidan 'yan ƙwadagon mijinta ta ɗauki hoto don kada ta taimaki uwar da ta haife ta. Ya ce uwar ta ga hoton, ta ce a ɗauke mata shi daga gabanta, kuma ta rasu bayan kwana tara. A al'adarsu akan rubuta sunayen 'ya'yan mamaci a ƙananan ƙyallaye a maƙala a cikin murfin akwatin gawa, ya tafi da su. Ya ce sun rubuta biyar, alhali da ita su shida ne.

Mama ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ninke takardar, ta shiga ɗaki, da safe ta hau bayan keke ta tafi makaranta. Daga ranar dai ta daina waƙoƙin yarensu da takan yi in tana wanki, kuma ko an ce mata an ga wani ɗan ƙasarsu a Zariya ba ta tambayar inda yake. Kowace shekara babana yakan raka ta Kaduna a sabunta takardar zamanta, har ƙarfinsa ya ƙare na karɓe shi. Ba ta taɓa komawa ba. A ƙauyenmu aka binne ta, kusa da shi.

Kaka ce abin ya fi ci. Ta bar shiga sha'anin biki, ko zane aka zo aro sai ta ce a je gaba. A ciwonta na ƙarshe, hankali yana zuwa yana tafiya, takan kama hannun duk wanda ke kusa ta ce, "Matar nan ta can, an gaya mata ni ce?" Mu ce an gaya mata, Kaka. Can an jima ta sake tambaya. Har yau in zazzaɓi ya kama ni muryar nan nake ji, kuma tsoro take ba ni.

Yanzu duniya ta canza, mutum yana garin Kudan zai ɗaga waya ya ga fuskar wanda ke bayan teku, ya juya ta ya nuna masa ɗakinsa da tukunyarsa. Da akwai wannan a lokacin, da minti biyar ya ishe mu. Bara wani ya nemo ni a waya, ɗan wannan ƙanen na Mama ne, babansa ya rasu. Yaro mai ladabi, Anti yake ce min. Ya turo min hoton falonsu, ga mu can a bango cikin gilashi, launin ya koɗe, ina tsaye jikin mota ina murmushin takalmin da ya matse ni. Ya ce tun suna yara ake nuna musu danginsu masu arziki na Najeriya. Bayan kwana biyu ya ce 'yarsa ta sami makarantar koyon aikin jinya, ko za mu ɗan taimaka.

Ni malamar firamare ce mai ritaya, fanshona sai an ga dama. Na zauna na rubuta masa labarin nan kaf, tun daga Alhaji har akuyar Kaka. Na karanta, na tuna an taɓa gaya musu, da hoto ma, sai na goge. Na sayar da buhun masara biyu na tura masa, na ce ya yi haƙuri ba yawa.